Goyon ciki ne ya kwantar da ɗana a asibiti?

Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari yana da wata goma. Makon jiya cikin dare ya tashi da amai da zazzaɓi, gari na wayewa sai gudawa, ruwa tsululu. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce haƙori ne, aka karɓo masa Flagyl a kemis. Kwana biyu a haka idanunsa suka zurma, maɗigarsa ta faɗa, ko kuka ya yi babu hawaye. Da muka kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, muka kwana huɗu. Ɗakin cike yake da yara masu irin ciwonsa, wani gadon ma yara biyu ne a kai. Likita ya ce alamu sun nuna wata cuta ce wai ita rota. Damuwata ita ce ina da ciki wata uku. Hajiya ta ce nonona ne ya lalace, shi ya kusa kashe mata jika, kuma Juma'a mai zuwa za ta zo ta ɗauke shi ta yaye shi a wurinta. Maigida bai ce uffan ba. Wata ma'aikaciyar jinya kuma ta duba katinsa ta ce sau ɗaya kawai aka ɗiga masa rigakafin rota, don tun da allurar sati shida ta sa shi zazzaɓi ban sake komawa ba. Anti, ni na jawo masa? In bari a yaye shi?

Daga wata uwa a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, ya mai jiki? Allah Ya ƙara masa sauƙi, ke kuma Ya raba ku lafiya da abin da ke cikinki.

Tunda Juma'a ba nisa, bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada a yaye yaron nan yanzu. Nononki bai lalace ba, ba shi ya kwantar da ɗanki ba, kuma a halin da yake ciki na farfaɗowa babu abin da hanjinsa ke karɓa cikin sauƙi kamar nonon nan. Raba shi da shi a wannan mako, a kuma raba shi da ke a rana ɗaya, shi ne abin da zai iya mayar da ku gadon da kuka baro.

Ki mayar da tunaninki ɗakin da kuka kwana huɗu. Ki tuno matan da kuka yi jinya tare, waɗanda kuka yi ta aron kofi da cokali a tsakaninku. Nawa ne a cikinsu ke da ciki? Na tabbata yawancinsu ba su da shi. Wata ɗanta ya daɗe da yaye, wata madarar gwangwani take bayarwa, wata ko arba'in ba ta daɗe da yi ba. Amma duk ciwo iri ɗaya ya tara ku: amai da zazzaɓi da farko, sai gudawar ruwa ta biyo baya. Idan abu guda ya kama yara masu yawa a mako guda, daga unguwanni daban-daban, to sanadinsa yana yawo ne a gari, ba a ƙirjin uwa ɗaya yake ba.

Abin da idonki ya gani shi ne abin da alƙaluma suka daɗe suna nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da asibitoci a ƙasashe da dama inda ake gwada kashin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da gudawa ta kwantar. Da aka tattara sakamakon shekarun 2008 zuwa 2016, an samu rota a kashi 38 cikin ɗari na waɗannan yara a ƙasashen da ba su fara rigakafinta ba. Wato idan kika shiga ɗaki kika tarar da yara goma da gudawa ta kwantar, kusan huɗu daga cikinsu wannan ƙwayar cutar guda ɗaya ce ta kawo su. Sauran shidan sun rarrabu tsakanin cututtuka iri-iri, babu wadda ta kamo ƙafarta. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda aka yi a Gambiya, Mali, Kenya, Mozambik, Indiya, Bangladesh da Pakistan, shi ma ya nuna rota ce kan gaba wajen gudawa mai tsanani ga jarirai. Wannan huɗu cikin goma kuwa lissafin shekara ce baki ɗaya. A yankinmu rota 'yar hunturu ce, ta fi tashi daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi da ƙura da bushewar iska, kuma a waɗannan watanni kasonta a wasu asibitoci yakan haura rabi. Shi ya sa kika ga yara biyu a gado ɗaya. A shekarun da na yi ina aiki a ɗakin yara, da zarar hazo ya sauka mun san gadaje za su yi mana kaɗan.

Kada kuma ki ji wani iri don likita ya ce “alamu sun nuna” bai yi gwaji ba. Akwai gwajin kashi da ke tabbatar da ita, amma yawancin asibitocinmu ba sa yin sa ga kowane yaro, domin ko an tabbatar ko ba a tabbatar ba magani ɗaya ne. Shekarun yaro, lokacin shekara, da yadda amai ya riga gudawa zuwa sun isa su sa likita ya yi hasashe mai ƙarfi. Wasu iyaye da sun ga ɗaki ya cika sai su ce kwalara ce ake ɓoyewa. Kwalara ta fi zuwa da damina, tana kayar da manya da yara, kashinta kamar ruwan wankin shinkafa. Ita rota jarirai da 'yan rarrafe take bi, babba ko ya kamu da kyar yake sanin ya kamu.

Cikakken sunanta rotabairos. Wata masaniya mai suna Ruth Bishop da abokan aikinta ne suka gano ta a 1973 a birnin Melbon na Ostareliya, a hanjin yaran da gudawa ta kwantar. An sa mata sunan ne daga kalmar Latin mai nufin ƙafar keke, don haka siffarta take idan an dube ta da babban madubin likita. Ki lura da inda aka gano ta: ƙasa mai ruwan famfo mai tsabta da banɗaki a kowane gida. Kafin zuwan rigakafi, kusan kowane yaro a duniya yakan kamu da ita kafin ya cika shekara biyar, ɗan Landan da ɗan Kurna duk ɗaya. Dalili shi ne yaron da ya kamu yana fitar da biliyoyin ƙwayoyin cutar a ɗan kashi kaɗan, alhali ƙasa da ɗari sun isa su kama wani. Tana kwanaki a raye a kan tabarma, abin wasa, hannun ƙofa da bakin fo. Yaro mai rarrafe kuwa duk abin da ya taɓa baki yake kai wa. Wanke hannu da sabulu yana da amfani ƙwarai, yana tare cututtukan ciki da yawa, amma shi kaɗai bai taɓa hana rota yawo ba a kowace ƙasa. Na faɗi wannan ne don na san bayan zargin nono, zargin ƙazanta ne ke biyowa, kuma uwa takan fara yi wa kanta shi kafin wani ya yi mata.

Bambancin da ke tsakanin ɗan can da ɗan nan yana wajen abin da ke faruwa bayan an kamu. A 2013 an ƙiyasta rota ta kashe yara kusan 215,000 a duniya, kuma kusan rabinsu a ƙasashe huɗu ne: Indiya, Najeriya, Pakistan da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Ba don ƙwayar cutar tamu ta fi ta wasu dafi ba. Yaranmu suna mutuwa ne saboda ruwan jikinsu yana ƙarewa kafin a mayar musu da shi.

Ga yadda abin yake. Kwana biyu ko makamancin haka bayan ta shiga ta baki, rota tana lalata fatar cikin ƙaramin hanji, wadda aikinta tsotse ruwa da abinci. Hanji ya daina tsotsa, ya koma zubarwa. Gudawar takan yi kwana uku zuwa takwas, sannan hanjin ya gyara kansa. Babu maganin da ke kashe ta, jiki ne ke korar ta. Aikinmu kawai shi ne mu riƙe yaro da ruwa da gishirin jiki har ta wuce. Abin da ya sa ta fi sauran gudawa kai yara asibiti shi ne aman da take zuwa da shi: ana zuba ta sama yana dawowa, ta ƙasa kuma yana zuba, ga jikin ɗan wata goma ba wani ruwan ajiya gare shi ba. Idon da ya zurma, kukan da babu hawaye, da maɗigar da ta faɗa duk saƙo ɗaya suke isarwa, cewa ruwa ya ƙare. Maɗiga ba ciwo ba ce mai zaman kanta da za a shafa wa magani ko a liƙa mata wani abu. Kin gani da idonki, da ƙarin ruwa ya shiga jikinsa ta taso da kanta.

Flagyl kuwa bai yi masa komai ba. Shi da Septrin da ire-irensu an yi su ne don wasu ƙwayoyin cuta dabam, rota kuwa bairos ce, wani nau'in ƙwayar cuta da irin waɗannan magunguna ba sa taɓawa. Illar da suka yi ita ce sun sa kowa a gida ya ji an yi wani abu, aka zauna jiran magani ya yi aiki, kwana biyu suka tafi. Wannan jiran shi ya fi ba ni takaici a duk labarinki, kuma ba ke kaɗai ba ce, haka ake yi a gidaje da yawa. Maganar haƙori ma haka take. Gaskiya ne lokacin fitar haƙori da lokacin gudawa suna haɗuwa, domin daga wata shida zuwa shekara biyu ne garkuwar da yaro ya gado daga uwa ke raguwa, ya fara rarrafe, ya fara cin abinci, dasashi na ƙaiƙayi yana cusa komai a baki. Haƙori yana sa dalala da ƙiwa da ɗan ɗumin jiki. Ba ya sa yaro ya yi ta zawo kamar an buɗe famfo har idonsa ya faɗa. Duk ranar da aka kira irin wannan gudawa “haƙori”, an ba ta izinin ci gaba ke nan.

Yanzu maganar Hajiya. Ba na son ki ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba. Tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ta ga jikanta a kwance da allura a hannu. Kuma abin da take gudu ba ƙirƙirarsa ta yi ba. A tsawon rayuwarta ta ga yaran da aka yi wa kwanika suna ramewa, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, gudawa ta ƙi tsayawa. Mutanen Ga na ƙasar Gana ma sun lura da haka, daga harshensu aka samo sunan kwashiyoko, ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono, kuma wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da sunan cikin littattafan likitanci a 1935. Hajiya ta ga abu na gaskiya, inda aka samu kuskure shi ne wajen gano sanadi. Abin da ke lalata waɗannan yara shi ne yayen gaggawa: a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, ya yi ta kuka ya ƙi cin abinci, a bar shi da koko tsararo wanda ba ya gina jiki. Tamowa ta shiga, gudawa ta samu wurin zama. Sai a ce nonon ciki ne, alhali rashin nonon ne.

Ciki ba ya sa wa nono guba. Abin da yakan faru shi ne idan cikin ya yi nisa ruwan nonon ya ragu, ɗanɗanonsa ya ɗan canza, wasu yaran ma su yaye kansu a hankali. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa. Sharaɗin shi ne ki ci ki ƙoshi, domin mutum uku kike ciyarwa, ki fara zuwa awo yanzu, ki sha maganin ƙarin jinin da za a ba ki, ki kuma gaya wa ma'aikaciyar awo cewa kina shayarwa. Idan kina ganin jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko kin taɓa ɓari, ko aka ce tagwaye ne, to wannan magana ce tsakaninki da likita, shi zai ce a ci gaba ko a dakata. Ko a nan ma dalilin kare cikin ne, ba wai nonon ya ɓaci ba.

Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Larabawa suna da irin wannan tsoro, suna kiran abin gila. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim cewa ya yi niyyar hana shi, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma suka ce shayarwar mai ciki ce. Ina son hadisin nan saboda hanyar da aka bi a cikinsa: an dubi yaran mutane da yawa, aka ga abin da ake tsoro bai same su ba. Irin duban da na ce ki yi wa ɗakin asibitin nan ke nan.

Sai batun kati, kuma a nan ba zan ɓoye miki gaskiya ba. Da an kammala ɗigon nan uku, akwai kyakkyawan zaton ciwon zai zo masa da sauƙi, wataƙila ya ƙare a gida. Ban ce tabbas ba. A ƙasashe masu arziki rigakafin rota yana tare gudawa mai tsanani da kusan kashi 90 cikin ɗari, a ƙasashe irin namu kuwa abin yana tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku. A nan kusa da mu, a Madarumfa ta jihar Maraɗi, an gwada wani nau'in rigakafin mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ya rage rota mai tsanani da kusan kashi 67 cikin ɗari. Wani zai ce rabi ai ba yawa. Ki tuna da ɗakin nan, ki cire rabin masu rota daga kan gadajen, ki ga yadda wurin zai koma. A wancan lissafi na Hukumar Lafiya ta Duniya da na ambata, inda aka fara rigakafin kason ya sauko daga 38 zuwa 23 cikin ɗari.

Tun 2009 hukumar ta ba kowace ƙasa shawarar saka shi cikin rigakafin yau da kullum. Sudan ta fara a 2011, Gana a 2012, Nijar da Kamaru a 2014. Najeriya sai a watan Agustan 2022 ta fara bayar da shi kyauta, kafin nan sai mai hali ke saya a asibitin kuɗi. Don haka Hajiya ba ta san shi ba a zamanin goyonta, ƙila ma yayyenki ba su san shi ba. Ɗigo ne a baki, ba allura ba, sau uku: sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu. Zazzaɓin da ya tsorata ki ya fi yiwuwa daga allurar cinya ta Penta, wato rigakafin cututtuka biyar a haɗe, ya zo, wadda ake yi rana ɗaya da ɗigon. Zazzaɓi ne na kwana ɗaya ko biyu, yana wucewa. Da ma'aikaciyar da ta yi allurar ta tsaya minti ɗaya ta gaya miki ki sa ran haka, da kin koma. Wannan gazawa tamu ce mu ma'aikata, ina jin nauyinta. Abu guda da ake so uwa ta sa wa ido bayan ɗigon rota, duk da cewa ba kasafai yake faruwa ba, shi ne a makon farko jariri ya riƙa tsala kuka yana naɗe ƙafa, ya yi shiru ya sake, da amai ko kashi mai jini da majina. In an ga haka asibiti za a nufa nan take.

Ba rota kaɗai ɗanki ya rasa ba. Tunda ba ku koma ba, akwai sauran Penta, da ta ciwon huhu, da ɗigon shan inna, ga ta ƙyanda da ake yi a wata tara. Da zarar ya warware ki ɗauki katin ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kuma su za su duba shekarunsa su gaya miki abin da ya rage masa. Idan wata ta yi miki faɗa, ki haɗiye ki miƙa katin, minti biyu ne. Na cikin kuwa, ki ƙirga sati shida daga ranar haihuwa ki rubuta. Ko kina gida wankan jego, akwai wurin rigakafi a garin iyayenki, kati ɗaya ne a ko'ina.

A gida yanzu, ki ci gaba da ba shi nono duk lokacin da ya nema. Idan an sallame ku da ƙwayar zink, ki cika kwana goma zuwa sha huɗu da aka ce ko da gudawar ta tsaya. Ga wanda ya wuce wata shida ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 20 a rana, a narka ta a cokali da ruwa ko nono. Tana taimaka wa hanji ya warke, tana kuma rage dawowar gudawa a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. Ki ƙara masa ci ɗaya a kan wanda ya saba kullum har sati biyu, don ya mayar da abin da ya zube: kunun gyada mai kauri, faten dankali da ɗan manja, dafaffen ƙwai, ayaba, wake da aka dafa ya yi laushi, kifi da aka cire wa ƙaya. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ban da lemon kwalba da kayan zaƙi na kwali, sukarinsu yana ƙara jawo ruwa cikin hanji. Zai ci gaba da fitar da ƙwayar cutar a kashinsa har kwana goma ko fiye, saboda haka ki zubar da kashin a masai, ki wanke fo da ruwan bilic, ki wanke hannu da sabulu bayan tsarki da kafin abinci, kada kuma a haɗa shi wasa da jariran maƙwabta a kwanakin nan.

Zai iya sake kamuwa, amma kamun farko shi ne mafi tsanani, na baya sukan zo da sauƙi. Duk da haka ki ajiye ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, leda uku ko huɗu da zink a gida, kamar yadda kike ajiye ashana. Ki karanta jikin ledar: mai lita ɗaya ana zuba ta ne a ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato fiya wata leda biyu, kuma abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Tun zawon farko ake farawa, ba a jira ido ya faɗa. Ɗan ƙasa da shekara biyu ana ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. Idan ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali fiye da da. Aiki ne mai cin rai, uwa takan kwana zaune da kofi a hannu, amma abin da ke zama a cikinsa ya fi wanda ke fita. Idan dare ya yi babu ORS, sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa lita ɗaya zai riƙe shi zuwa safe. Kada a ƙara gishiri, yawansa haɗari ne. Idan kuwa ya kasa sha ko kama nono, ko komai ya sha sai ya dawo, ko ya yi laushi yana ta barci da kyar ake tashinsa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko kika ga jini a kashin, ko ya yi jijjiga, to babu sauran jira ko ƙarfe biyun dare ne.

Saura Juma'a. Kada ki tari Hajiya da musu, ba za ki ci riba ba, kuma ba girmanki ba ne. Maigidanki ne mabuɗin wannan magana, shirunsa kuma ina kyautata zaton na ruɗewa ne, yana tsakanin mahaifiyarsa da ɗansa bai san wanda zai bi ba. Ki same shi yau da dare bayan ya ci abinci, ki karanta masa wannan amsa, ki tuna masa yaran da ya gani a ɗakin nan da idonsa. Ki roƙe shi abu ɗaya: ya je da kansa ya gaida Hajiya kafin Juma'a, ya ce mata yaron bai gama murmurewa ba, a ɗaga maganar yaye har a koma ganin likita. Ba sai ya ce mata ta yi kuskure ba. Ranar komawa asibitin ku tafi da ita, ki yi tambayar a gabanta da ladabi: “Likita, ina da ciki wata uku, in ci gaba da ba shi nono?” Amsar da za ta ji daga bakin likita za ta fi shiga kunnenta fiye da wadda za ta ji daga bakin suruka.

Ki kuma ba ta wuri a jinyar. Ki ce mata, “Hajiya, ya fi cin abinci a hannunki, ko za ki zo ki kwana biyu tare da mu?” Tsofaffi sun iya lallashin yaro ya ci, sun iya dama kunu, ke kuma mai ƙaramin ciki kina bukatar hutun. Idan ta ga yana shan nono a gabanta yana kuma ƙara kumari, maganar lalacewar nono za ta mutu da kanta. Yaye zai zo a lokacinsa, a hankali, ana rage shan rana kafin na dare, bayan ya koma cin abinci sosai kuma nauyinsa ya dawo a ma'auni. Idan kun je awon nauyin, ki rubuto min abin da ma'aunin ya nuna da abin da aka cike a katin.